Yadda zaka fara zane a waya da kwamfuta, daga takarda har zuwa wajen mai bugawa

Tun ranar da na saka zanen Ƙofar Wunti da nayi a sitatus ake ta tambayata abu ɗaya, wai da wace manhaja nake yi, waya ce ko kwamfuta, dole sai an sayi allon zane ne kafin a fara. Wasu 'yan nan Bauchi ne, wasu daga Gombe suke turo saƙo, har da wata baiwar Allah mai yin lalle da take so ta riƙa zana samfurinta a waya kafin ta ɗora a hannun amarya. Amsa ɗaya bayan ɗaya ta ƙi ƙarewa, shi yasa na zauna na rubuta komai wuri guda. Ni dai ba sana'ata bace, da daddare nake yi bayan isha'i in na dawo gida, kuma duk abin da zan faɗa a nan da hannuna na gwada shi. Zan riƙa cewa "ka" dan sauƙin rubutu amma 'yan'uwa mata har da ku nake.

1. Ka fara sanin inda zanen zai ƙare

Wannan shi ne matakin da kowa ke tsallakewa, kuma daga nan ɓarna take farawa. Zanen kwamfuta iri biyu ne, akwai rasta akwai bekta.

Rasta ɗigo-ɗigo ne ƙanana masu kusurwa huɗu da ake kira fiksel, kowanne da launinsa. Ka ɗauki hular ɗinkin hannu ka duba, daga nesa zane ne sumul, in ka matso da ita kusa da ido sai kaga zare ne ƙulli bayan ƙulli, to haka rasta yake. Duk hoton da wayarka ta ɗauka rasta ne. Yana da daɗi wajen inuwa da haɗa launi da zanen da yake kama da na fenti, amma yawan ɗigonsa a ƙirge yake tun ranar da ka buɗe filin zanen, in ka ja shi ya fi girmansa sai ya farfashe.

Shi kuma bekta kwamfuta bata ajiye ɗigo, awo take ajiyewa kamar yadda tela ke rubuta awo a littafi, layi daga nan zuwa can, lanƙwasa kaza, kauri kaza, launi kaza. Shi yasa tambarin da kayi da bekta zaka iya buga shi a kan sitika ƙarama kamar farce, ka kuma buga shi a bana mai faɗin bango, bakinsa na nan da kaifinsa.

Saboda haka ka tambayi kanka tun yanzu. Fuskar mutum ne, ko dutse da itatuwa da faɗuwar rana, abin da zaka saka a Facebook ko Instagram? Rasta. Tambarin sana'a ne, katin biki, rubutun da za a buga a riga, dagi, zanen hula? Bekta.

Ga dalilin da yasa nake nanata wannan. Ƙanwata tana sayar da kunun aya, sai na zana mata tambari a waya a fili mai fiksel 600 tsawo 600 faɗi, a fuskar waya wallahi yayi kyau sosai, muka tura wa wani mai buga bana a cikin gari ta WhatsApp. Da aka kawo banar, bakin haruffan ya zama kamar haƙoran zarto, kwalbar da na ɓata dare biyu a kanta ta koma dishi-dishi kamar an shafa mata ruwa. Ta riga ta biya kuɗi, ga rumfar da zata rataya shi an gama. Bata ce min komai ba, ta naɗe shi ta ajiye a bayan ƙofa, kuma har yau in na tuna sai naji ba daɗi. Da bekta nayi tun farko da hakan bai faru ba.

2. Kayan aiki da abin da zaka kashe

Kada ka sayi komai a satin farko. Wayar da ke hannunka da yatsanka sun isa ka gane ko abin zai shiga ranka.

A waya, dan rasta, ka sauke ibisPaint X. Kyauta ce, sai dai akwai talla, kuma wasu burusan a kulle suke sai ka kalli talla ɗaya a buɗe maka su na awa 18. Akwai Sketchbook da MediBang Paint suma, amma ni ibisPaint nake ba mai farawa shawara saboda bidiyon koyar da ita sun fi yawa a YouTube. Procreate da kuke gani a hannun masu zane na waje ta kayan Apple ce kawai, kada ka ɓata data kana nemanta a Android, duk wadda ka gani da wannan suna a can ta bogi ce.

A kwamfuta, Krita dan rasta, Inkscape dan bekta, duka biyun kyauta ne har abada ba wani biyan wata-wata. Photoshop da Illustrator na kamfanin Adobe haya ake biya duk wata, kuɗin kuma yana bin dala. CorelDRAW ita ce zaka tarar a yawancin shagunan buga takardu na nan, ita ma ta kuɗi ce.

Gargaɗi a nan: za a ce maka kawo filashi a zuba maka manhajar kuɗi da aka fasa makullinta, kyauta. Sau da yawa da ƙwayar cuta take zuwa, kuma ranar da zata rufe kanta tsakiyar aiki ba wanda zaka kai wa ƙara. Tunda ga Krita da Inkscape halal ɗinka, ban ga dalilin ɗaukar wannan kasadar ba.

Laftof mai RAM 4GB zata yi in baka cika girman fili ba, mai 8GB ta fi kwanciyar hankali. Alƙalamin waya mai kan roba ba shi da tsada, masu sayar da kayan waya a Wunti suna da shi, amma ka sani baya jin nauyin hannu, yatsa ne kawai siriri. Wanda ke jin nauyin hannu, ka danna layi yayi kauri ka sassauta yayi siriri, shi ne allon zane irin na Wacom ko Huion ko XP-Pen. Shi ne babban abin da zaka kashe wa kuɗi, farashinsa kuma yana hawa da sauka da dala, dan haka ka tambaya a ranar da zaka saya. Ƙarami mai inci 6 da 4 ya ishi mai farawa. In da waya zaka haɗa shi ka tabbatar an rubuta yana aiki da Android, ka kuma gwada ko wayarka tana karɓar OTG, wato mahaɗin da ake jona wa waya kayan USB da shi, kafin ka biya, ka duba ko an sako ƙarin tsinin alƙalami a cikin kwalin saboda yana cinyewa.

3. Zana a takarda tukun

Fensir da farar takarda. Ko da kana da allon zane, hannunka ya fi sabawa da takarda, kuma ba ruwanta da caji. Ka zana abin da kake so, ka bi layukan da biro baƙi, sannan ka ɗauki hotonsa da rana kusa da taga ko a tsakar gida cikin inuwa, wayar tana kallon takardar kai tsaye daga sama ba a karkace ba. Kada ka kunna fitilar kyamara, tana sa tsakiyar takarda yayi fari fat gefe yayi duhu.

In kana cikin masu kauce wa zana abu mai rai, abin zanawa bai ƙare maka ba ko kaɗan. Duwatsun da suka zagaye garin nan, zanen bangon gidajen gargajiya, aska takwas ta babbar riga, ƙwarya da faifai, rubutun ajami, ko wannan kaɗai sai ka shekara baka gama ba.

4. Buɗe fili da girman da ya dace

Da ka buɗe ibisPaint ko Krita abu na farko da za a tambaye ka shi ne girman fili. Kada ka danna na farko da ka gani.

Na sitatus ɗin WhatsApp, faɗi 1080 tsawo 1920. Na Instagram 1080 da 1080, ko 1080 da 1350 in kana son mai tsawo. In kana tunanin watarana zaka buga shi a takarda A4, to ka sa 2480 da 3508, wato ɗigo 300 a kowane inci, wanda za ka ga an rubuta dpi a gefensa. Rage babban zane ya koma ƙarami ba matsala, amma ƙarami baya komawa babba, dan haka in kana shakka ka ɗauki babba.

Sai dai ka lura, babban fili yana cin ƙwaƙwalwar waya, ibisPaint zata rage maka yawan leyar da zaka iya buɗewa, wato shimfiɗun zane da ake jerawa ɗaya kan ɗaya, ƙaramar waya kuma zata fara zafi tana tsayawa. In kaga haka ka rufe sauran manhajoji, in ta ƙi sai ka sauko da girman kaɗan.

5. Leya, layi, launi, inuwa

Nan ne ainihin aikin rasta, kuma nan zan fi daɗewa.

Leya kamar farar leda ce da ake gani ta cikinta, an jera su ɗaya kan ɗaya, abin da ka zana a ta sama baya taɓa ta ƙasa. Kuskuren da kusan duk mai farawa yake yi shi ne ya zuba komai a leya ɗaya, layi da launi da bango, sai yazo goge ɗan launin da ya fita sai layin ma ya tafi tare da shi. Ga jerin da nake bi kullum.

Ka shigo da hoton takardarka ya zama leya ta ƙasa. A ibisPaint da ka shigo da hoto zata tambaye ka ko ta cire maka layin kawai ta bar farin takardar, in zanenka da biro ne mai tsafta ka amsa mata. Ka rage ƙarfin wannan leyar zuwa kamar kashi 30 yadda zata yi dishi-dishi.

Ka buɗe sabuwar leya a samanta, ka sa mata suna "layi", ka bi zanen da burushi mai kaifin baki. In hannunka yana rawa akwai abin daidaita layi da ake kira Stabilizer, a ibisPaint daga 0 zuwa 10 yake, ni a 6 ko 7 nake barinsa, in ka kai shi ƙarshe layin zai riƙa jan ƙafa a bayan yatsanka. Ka ja dogon layi da bugu ɗaya maimakon ka riƙa tsinka shi guntu-guntu, in bai yi ba ka taɓa fuskar wayar da yatsu biyu ya koma baya, a kwamfuta kuma Ctrl da Z. Layi ɗaya sai ka maimaita shi sau goma, ba komai, kowa haka yake yi. Kuma ka riƙa juya filin da yatsu biyu kamar yadda kake juya takarda, kada ka murɗe wuyan hannunka.

Launi kuma a ƘARƘASHIN leyar layi yake zama, ba a samanta ba. Kowane babban sashe da tasa leyar, sama daban, gini daban, ƙasa daban. In zaka yi amfani da bokitin zuba launi ka tabbatar layinka a rufe yake ko'ina, ƙaramar kafa ɗaya ta isa launin ya malale ya cika fili gaba ɗaya. Bayan ka zuba ka matso da zanen sosai ka duba bakin layi, sau da yawa wani siririn fari yana saura tsakanin layi da launi, a saitin bokitin akwai wurin da zaka ƙara masa faɗi kaɗan ya shige ƙarƙashin layin.

Sai inuwa. Ka fara yanke shawarar inda rana take, dama ko hagu, har ɗan da'ira nake zanawa a gefe dan kada na manta. Ka buɗe leya a saman launin, ka danna Clipping yadda duk abin da ka shafa ba zai fita daga jikin launin ƙasa ba, ka canja yanayinta zuwa Multiply mai duhunta launin da ke ƙasa. Kada kayi inuwa da baƙi. Baƙi yana kashe zane, ya sa shi kamar an shafa gawayi. Ka tsaya ka kalli bangon jar ƙasa da la'asar, ɓangaren da rana bata kai ba ba baƙi bane, ja ne mai duhu da ya ɗan karkata zuwa shuɗi ko ruwan goro. Lokacin da nake zanen Ƙofar Wunti sai da na koma wurin da yamma na tsaya gefen titi ina kallon yadda inuwa ke kwanciya a cikin bakin ƙofar, sannan na gane abin da ya hana zanen tashi.

Launuka kuma kada su yi yawa, huɗu ko biyar sun isa zane guda.

Gargaɗin da ya fi kowanne: ka riƙa ajiyewa. Wuta bata sallama in za a ɗauke ta, in batirin laftof ɗinka ya mutu to Ctrl da S ya zama kamar numfashi a wajenka. Kuma ka ajiye kwafi biyu, ɗaya a tsarin manhajar mai riƙe leyoyi, kamar .kra na Krita, ɗaya kuma PNG na nunawa. JPG yana manne leyoyi wuri ɗaya, baya riƙe bango marar launi, kuma duk sanda ka sake ajiye shi yana ƙara lalacewa.

6. Bekta a Inkscape

Bekta a waya akwai wahala, ana yi amma tsinin yatsa baya kama ƙananan ƙulli, wato ɗigon da ke riƙe layin bekta, yadda ya kamata, dan haka ka nemi kwamfuta ko ta aro ce. Linzami ma ya isa, ba sai da allon zane ba.

Ka shigo da hoton takardarka, ka kulle leyarsa, ka buɗe wata a sama. Danna B ka ɗauki alƙalamin lanƙwasa. Dannawa ɗaya tana ajiye ƙulli mai kusurwa, in ka danna ka ja sai wasu hannaye biyu su fito, su ne ke juya lanƙwasar. Ranar farko zai baka haushi, layin zai riƙa tafiya inda baka aike shi ba. Dabarar da ta taimake ni ita ce na fara zagaye siffar da miƙaƙƙun layuka kawai, sannan na danna N na kama tsakiyar kowane layi na lanƙwasa shi ya hau kan zanen.

Kada ka cika ƙulli. Mai farawa yana ganin yawansu shi ne kyau, alhali kowane ƙulli na banza wani ƙaramin karaya ne a jikin layin. Da'ira cikakkiya ƙulli huɗu take buƙata. Ka ajiye ƙulli a inda layi ya canja hanya kawai.

Aikin gwaji da nafi so shi ne dagin Arewa, saboda ɓangare ɗaya zaka zana. Ka yi madauki guda, Ctrl da D ya fitar maka da kwafinsa, ka sake danna shi hannayen juyawa su fito, ka riƙe Ctrl yana juyawa digiri 15-15 har ka kai 90, ka maimaita har ya cika. Wahalar tana wajen saƙar, inda zare ɗaya ke hawa kan wani sannan ya shige ƙarƙashin na gaba, a nan sai ka mayar da layin siffa da Ctrl da Alt da C sannan ka yanke wuraren da ya kamata su shige ƙasa. In ka iya dagi da kyau, tambarin kowace sana'a ba zai gagare ka ba.

Akwai gajeriyar hanya, Trace Bitmap, Shift da Alt da B, tana mayar da hoto bekta da kanta. Tana aiki da kyau a kan baƙin zane bisa farar takarda mai tsafta. In ka bata hoton kyamara mai launuka zata haifar maka da dubban ƙulli har kwamfutar ta tsaya. Ctrl da L yana rage su, amma in ka danna da yawa siffar zata narke. Kuma ka sani, saka hoto a cikin Inkscape ka ajiye shi da sunan SVG, wato tsarin fayil na bekta, bai mayar da shi bekta ba, rasta ne har yanzu an dai sa shi a wata jaka.

7. Rubutun Hausa a jikin zane

Wannan ba zaka ji shi a bidiyon Turawa ba. Yawancin salon haruffa masu ado basu da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, kana rubuta "ƙamshi" sai kaga akwati a madadin ƙ, ko harafin ya fito da wani salo daban da 'yan'uwansa. Noto Sans da Andika da Charis SIL duk suna da su kuma kyauta ne. In kuma ka nace sai wani salo mai ado, ka rubuta k ko d ɗin talaka, ka mayar da rubutun siffa, ka zana masa ƙugiyar da hannunka. Dan Allah kada ka bar ta, "ƙafa" da "kafa" ba abu ɗaya bane.

Da ka gama, ka karanta rubutun sau biyu, ka ajiye kwafi guda da rubutun yake a rubutu saboda gyara, sannan ka mayar da shi siffa, a Inkscape Shift da Ctrl da C, a CorelDRAW Ctrl da Q. In baka yi haka ba kuma kwamfutar mai bugawa bata da salon haruffanka, zata musanya da wanda ta ga dama.

8. Fitarwa da kai wa mai bugawa

Na intanet, PNG. In zaka tura wa wani ta WhatsApp ka tura shi a matsayin fayil ta Document, kada ka tura ta wajen hotuna, saboda ta can matse shi ake yi ya rage kyau.

Na bugawa, ka fitar da PDF daga Inkscape ka haɗa da SVG ɗin a filashi, CorelDRAW tana buɗe duka biyun. In kai ma da CorelDRAW kayi aikin ka tambayi mai shagon wace shekara ce tasa, domin tsohuwa bata buɗe fayil ɗin sabuwa sai ka ajiye shi a tsarin tsohuwar. In launin bango ya kai har bakin takarda ka bar rarar milimita 3 ta kowane gefe saboda yanka, rubutu kuma ka janye shi daga baki.

Launin da kake gani a fuskar waya haske ne, na takarda tawada ce, na farko RGB na biyu CMYK, kuma Inkscape da RGB take aiki. Shuɗi mai walƙiya da kore shar ɗin nan da suke burge ka a waya za su fito a dushe, wani lokacin shuɗin ma ya karkata zuwa shunayya. Saboda haka kafin a buga sitika ɗari ko bana guda, ka biya kuɗin gwaji ɗaya a ƙaramar takarda, ka fita da ita waje ka duba a hasken rana ba a ƙarƙashin ƙwan shago ba. Ka tsaya a gaban kwamfutarsu ka ga fayil ɗin a buɗe da idonka, ka ce a matso da haruffan sosai ka ga bakinsu, ka duba ƙugiyar ƙ da ɗ suna nan, sannan ka ce a buga. Haka nayi da tambarin kunun ayan a karo na biyu bayan na sake shi a Inkscape, fayil guda ne aka buga sitikar jikin roba da shi aka kuma buga banar da ke rataye a rumfar ƙanwata yanzu.